Usɗa Sabitu da Ƙasar Ƙanƙara

Duk wanda ya taɓa kwana a tsofaffin masaukan alhazai na Jarwal a Makka, ya ji iska mai sanyi tana saukar masa a goshi, to wataƙila ya ci gumin Usɗa Sabitu bai sani ba. Gyaran mukayyif ne sana'arsa, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma ya shekara arba'in da ɗoriya yana yi, shi ya sa ake ce masa Usɗa, wato gwanin sana'a. Sai dai akwai abin da masu barci a ɗaki ba su damu su sani ba. Na'urar nan gabanta ne ke hura sanyi, bayanta kuwa wuta take amayarwa, kuma a bayan nan mai gyara ke tsayawa. Yana bisa tsani ko a bakin taga, rana ta dake shi ta sama, inji ya gasa shi ta ƙasa. In ya gama, mai ɗaki ya ce, "Allah ya ba ka lafiya, ya Usɗa," ya yi maza ya rufe ƙofa kada sanyin ya fita. Shi kuma Sabitu ya saɓa jakarsa ya nufi wani tsanin.

A Nakkasa aka haife shi, can ƙwanƙolin dutse inda mota ba ta hawa. Mahaifinsa, Malam Awwalu, mutumin ƙasar Kano ne da ya taho da ƙafa. Ya ratso Chadi, ya tsaya tsinkar auduga a Sudan har ya yi aure a hanya, sannan ya haye teku. Tsohon ba mai yawan magana ba ne, amma akwai guda ɗaya da ba ya gajiya da maimaita wa 'ya'yansa: "Na kawo ƙashina inda nake so a ajiye shi, na kuma kawo naku. Kada wanda ya kwashe nasa." Aka kuwa yi masa yadda ya so. Ya cika da hantsi, aka yi masa salla a Harami bayan azahar, kafin la'asar an dawo ana karɓar gaisuwa. Sabitu ya tashi da wannan a ransa. Ba ya alfahari da gida ko mota, don ba shi da su. Tinƙahonsa ɗaya ne a duniya: in ya mutu, dubban mutanen da ba su san sunansa ba za su yi masa salla a gaban Ɗakin Allah.

To, rayuwa ta yi ta rage masa abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ba ta taɓa neman shawararsa ba. Aka zo rusau aka shafe layinsu na Nakkasa, maƙwabtan da suka yi rabin ƙarni suna ara wa juna gishiri suka watse, wasu Jidda, wasu gefen gari. Matarsa Jannatu ba ta jima ba bayan haka ta rasu. Ya koma wani ɗaki guda a bayan Jarwal, ƙarƙashin bene, shi kaɗai. Aikin ma ya ja baya, domin dogayen otal-otal na yanzu ba sa kiran tsoho mai jaka, kamfanoni ke kula musu da sanyi. Gwiwa ta fara ƙara, ciwon suga ya shigo ya yi zamansa. Kuma abin dariya, mukayyif ɗin ɗakinsa ya fi na kowa tsufa a layin, yana ruri kamar injin niƙa, sanyin da yake bayarwa bai taka kara ya karya ba. Kullum sai ya ce gobe zai duba shi. In ya dawo kuwa ba ya da sauran ƙarfin ɗaga hannu.

'Ya ɗaya Allah ya bar masa, Rumasa'u. Ta auri Abdulwasi'u, wani yaron unguwarsu mai hankali da ya yi karatun jinya, aiki ya ja shi har arewacin Norway, wani gari a bakin teku da Sabitu ya daina ƙoƙarin faɗin sunansa. Can ta haifi 'yarta Nuf. Tun shekarar da ta tafi take aiko masa hotuna a waya, shi kuma ya zauna a bakin ƙofa ya yi ta kallo yana kaɗa kai. Ƙanƙara a kan rufi, a kan mota, a kan itatuwa, ta sauko daga sama fara fat, ba kwamfireso, ba gas, ba wayar wuta. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana lallashin inji ya ba da ɗan sanyin da zai cika ɗaki ɗaya, sai ga gari guda Allah ya sanyaya kyauta. Abin ya riƙa burge shi ƙwarai, kuma ba ya ɓoyewa. Har alhazai yake nuna wa. "Kun ga inda 'yata take? Can ruwan sha ma a taga ake ajiye shi."

Ana nan ranar nan sugarsa ta faɗi yana ɗaki. Ba wanda ya sani. Sai da wani maƙwabcinsa ya zo aron sukudireba ya same shi a ƙasa, rabin jikinsa a kan darduma. Da Rumasa'u ta ji, ba ta yi kuka a waya ba, ita da mijinta suka shiga fafutuka shiru. Bayan watanni ta kira ta ce an ba shi izinin ya zo ya zauna da su, tunda ba shi da kowa sai ita, amma izinin yana da wa'adi, in ya wuce shi ke nan. Ta kuma aiko masa da wata jibgegiyar riga mai hula ta hannun wata hajiya. Ya rataye ta a ƙusa. Duk shigar da zai yi ɗakin sai ya ga kamar wani ƙato ne a tsaye yana jiran amsa.

Nan fa Sabitu ya shiga awo, kuma ba mutumin da ya iya yanke magana da wuri ba ne. Can akwai likita a kusa, surukinsa ma ma'aikacin asibiti ne. Ba zai sake hawa tsani ba. Ba zai ƙara zaman zullumin sabunta iƙama ba, takardar zaman da yake ta sabuntawa a garin da aka yanke masa cibiya. Zai ga Nuf da idonsa, yarinyar da ke ce masa "Jaddi", wato kakana, a waya sannan ta zarce da wani yare kamar ana kurkure baki. Ga sanyi. Amma kuma Rumasa'u da bakinta ta faɗa masa, a tsakiyar hunturu rana kan yi makonni ba ta leƙo ba, da rani kuma ta ƙi faɗuwa. Ba a jin kiran salla a titi. Masallacinsu wani gida ne, sai an shiga mota. Ba majalisa, ba wanda zai wuce ya ce "ya Usɗa". Ya auna ya sake aunawa, duk dare sikelin ya kwana daidai.

Da ya rasa yadda zai yi, sai ya yi abin da mai gyara ke yi, ya ce bari ya gwada. Yana da aboki tun na yarinta, Abdulƙadir, mai ajiye daskararrun kaji a wata ƙatuwar sallaja, wato firji, a kasuwar Ka'akiyya, ɗaki ne guda na ƙarfe wanda Sabitu da hannunsa ya sha gyara masa injinsa. Ya naɗe rigar a buhu ya tafi da tsakar rana.

"Ya Abu Rumasa'u, lafiya? Injin kalau yake," in ji Abdulƙadir.

"Ba injin na zo dubawa ba. Kaina na zo dubawa. Buɗe min."

Abdulƙadir ya ga ya zura rigar a kan farar taguwarsa, ya ja hular har gira, ƙafa kuwa silifa. Dariya ta kama shi har sai da ya dafa bango. "Wallahi da Jannatu na da rai da ta sake ka yau. Yalla, shiga. In ka daskare in sayar da kai da kilo."

Suka shiga tare, suka zauna a kan kwalaye. Da farko Sabitu ya lumshe ido. Sanyin ya shiga hancinsa, ya sauka har ƙirji, ya ji wata irin hutawa da ya manta akwai ta. "Ka ji ni'ima, ya shehu," ya ce. "Wannan fa shi suke shaƙa tun safe har dare. Mu muna nan muna soyuwa."

"Ɗayyib, na ji. Zauna dai."

Ba a jima ba yatsun ƙafarsa suka daina jin silifa. Gwiwar nan ta dama ta fara sara kamar ana buga mata ƙusa. Hanci ya soma zuba. Ya daure, don kunya, yana ta zancen asibitocin can da yadda ake girmama tsofaffi, amma haƙoransa suna katse masa magana. Can dai idonsa ya fara zuwa wajen ƙofa.

"Wanzami ba ya son jarfa," in ji Abdulƙadir. "Ƙofa kake nema ko? To can babu ƙofa, Usɗa. Kai duk sanyin da ka sani a duniya mai makunni ne. In ya ishe ka ka danna, ko ka fita waje ka sha rana. Na can wa zai kashe maka?"

"Akwai abin ɗumama ɗaki."

"Ka ga ka koma zaman ɗaki ke nan. Ka bar ɗaki mai zafi ka koma ɗaki mai duhu." Ya miƙa hannu ya zaro kaza ɗaya daga kwali, ya sake ta a ƙasa. Ta yi ƙwal kamar dutse, ta gangara. Da wasa ya yi, amma da ya buɗe baki muryarsa ta sauka. "Ka ji? An ce haka ƙasarsu take rabin shekara. Ni ba rigar nake tunani ba, Sabitu. Da me za su haƙa maka?"

Sabitu ya dafa gwiwa. Ya tashi da ƙyar, ya tura ƙofar, zafin Makka ya rufe shi kamar bargo. A karo na farko a rayuwarsa ya tsaya cikin ranar bai nemi inuwa ba.

Akwai wata al'ada tsakaninsa da 'yarsa. Shekarar farko da ta yi azumi a can, da rani ne, rana ba ta faɗuwa, malamansu suka ce su bi lokutan Makka. Tun daga nan Sabitu ya ɗora wa kansa aiki. Kullum magariba sai ya fito bakin layi inda lasifikar Harami ke isowa, ya kira ta, ya ɗaga wayar sama har a gama kiran salla, sannan ya ce, "An kira, sha ruwa." Azumi ya wuce, al'adar ta zauna. Yammacin ranar ma haka ya yi. Da ladan ya gama, ya mayar da wayar kunne.

"Abuya, wa'adin nan yana matsowa fa," in ji ta. "Me ka yanke?"

Ya fara jero mata dalilai. Gwiwarsa ba ta son sanyi, yau ya gwada. Ta ce akwai magani, kuma gidansu da ɗumi. Ya ce akwai mutanen da ke jiran ya gyara musu na'ura. Ta ce Makka ba ta rasa masu gyara ba. Sai ya kawo wanda yake ganin ba ta da amsarsa. "In na taho, wa zai riƙa ɗaga miki waya ki san magariba ta yi?"

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ya Abuya. Agogonmu da naku ba ɗaya ba ne. Lokutan Makka muke bi, amma da agogon nan. Duk azumin nan da kake cewa in sha ruwa, da sauran lokaci a wajenmu, sai daga baya nake sha."

"Duk shekarun nan?"

"Duk. Ma'alesh, ka yi haƙuri. Ban faɗa maka ba don kada ka daina kira."

Kunya ta kama shi, da ɗan haushi, irin na wanda ya daɗe yana gadin ƙofar da ba a kulle ba. Tunda kuma dalilan sun ƙare, sai gaskiyar ta fito da kanta. "Rumasa'u, in mutum ya mutu a can da hunturu, yaya ake yi?"

Ba ta ɓoye masa ba. Ta ce akwai gefen musulmi a maƙabartar garin. In ƙasa ta daskare sai an sa mata abin zafi ta saki kafin a haƙa. Gawa kan yi kwanaki tana jira. Masu sallar kuma, in an yi sa'a, su cika sahu biyu.

"Sahu biyu," ya ce. "Kakanki ya tako daga Kano da ƙafa don kada a yi masa haka. Ya ce kada wanda ya kwashe ƙashinsa daga nan. Ni ne zan kwashi nawa in kai cikin sallaja?"

"Kai kana tunanin inda za a kwantar da kai," in ji ta, Larabci da Hausa suna cakuɗewa. "Ni ina tunanin wanda zai kasance a kanka kafin nan. Ummi ta rasu da safe, kafin in sami jirgi kun rufe ta. Ni ya kamata in wanke ta, Abuya, ni kaɗai ta haifa. Ko fuskarta ban gani ba. Saurin nan da kake yabo, ni shi ya raba ni da uwata. Rannan da ka faɗi, da mutumin nan bai zo aron abu ba fa? Dubu nawa za su yi maka salla, na yarda. A cikinsu wa zai ɗiga maka ruwa a baki? Wa zai laƙƙana maka kalmar shahada? Ba na so a kira ni a ce halas, an gama."

Ya tsaya riƙe da wayar, mutane na wuce shi suna sauri zuwa salla. Bai taɓa kallon abin ta nan ba, kuma bai ji daɗin da aka nuna masa ba. Ya ce mata za a tayar da salla, ya kashe.

Washegari ya hau mota zuwa maƙabartar Shara'i inda aka kai Jannatu. Ya san ɓangaren, amma kabarin kansa ya ɓace masa, don a nan ba a rubuta suna, duwatsu ne ƙanana a jere iri ɗaya har iyakar gani. Na mahaifinsa kuwa tuni ya daina nema. Ya tsaya a rana ya yi musu addu'a gaba ɗaya. Ya so ya ji wani abu da zai ce masa zauna ko tafi, bai ji komai ba sai gajiya da ciwon gwiwa. Abin da ya zo masa kawai shi ne, Malam Awwalu ya cika ne kansa a kan cinyar ɗansa, shi Sabitu, kuma shi ya riƙa maimaita masa kalma har ya daina motsi. Tsohon ya sami ƙasar, ya kuma sami cinyar. Shi kuwa Sabitu, ɗaya daga ciki za a ba shi, sai ya zaɓa.

Bai zaɓa da farin ciki ba, kada a yi masa ƙarya. Ya kira Rumasa'u ya ce, "Ku sayi tikitin," ya kashe kafin ta yi godiya. Ya ba Abdulƙadir jakar kayan aikinsa ajiya, ko da yake dukansu sun san ba ajiya ba ce. Tsohon mukayyif ɗin ɗakinsa kuwa, a satin ƙarshe ne ya zauna ya gyara shi tsaf, don mai shigowa bayansa.

Saura abu ɗaya. Baƙo in zai bar Makka yakan yi ɗawafin bankwana. Sabitu ya ga dubbai suna yi, amma shi bai taɓa ba, ba kuma wanda ya taɓa yi a gidansu, don ba a sallamar wurin da za a dawo a kwana. Yakan ma yi wa alhazan ƙauye tsiya, waɗanda in sun gama sai su fita da baya da baya suna kuka, wai kada su juya wa Ɗaki ƙeya. "Ya hajji, juya ka ga gabanka," yakan ce musu. "Ba a ce a yi haka ba. Za ka taka mutane."

Ranar tafiya, bayan la'asar, Abdulƙadir ya raka shi Harami, ya tsaya daga bakin ƙofa riƙe da jibgegiyar rigar a buhu. Sabitu ya shiga cikin taron ya yi zagayensa a hankali, yana jan ƙafar dama. Ya yi raka'a biyu, ya sha Zamzam har ya ƙoshi, ya shafa a gwiwa. Ya miƙe ya fuskanci Ɗakin. Ya nemi abin da ake faɗa a irin wannan lokaci ya rasa, shi da aka haifa ana jin kiran sallar nan daga ɗakin uwarsa. Ya ce a ransa to shi ke nan, bari ya juya. Ƙafar ta ƙi.

Abdulƙadir yana tsaye ya hango shi tafe da baya da baya, kafaɗunsa suna rawa, yana karo da jama'a ba ya ko ba da haƙuri. Wani ma'aikacin Harami ya dafa shi a hankali ya ce, "Ya hajji, juya ka ga gabanka." Sabitu ya gyaɗa kai alamar ya ji, ya ci gaba da ja da baya har ginshiƙai suka tare masa Ɗakin.